Ƙurar da Ta Hau Bene

Shekara ashirin da shida ina gini, ban taɓa ɗora bulo ya karkace ba. Amma wai ƙanwata, wadda ko kwano ɗaya na siminti ba ta taɓa kwaɓawa ba, ita ce ta zo har gidana tana gaya mini cewa ɗakin da na gina wa mahaifiyarmu shi ne ke ƙara mata ciwo. Har yau in na tuna irin tsayuwar da ta yi a tsakar gida, hannu a ƙugu, sai in ji raina yana tafasa.

Gidana yana bakin gari, daidai inda kwalta ta ƙare. Kafin Inna ta dawo wurina a tsohon gidanmu take, cikin wani ɗaki mai duhu da ke tsotsar ruwa duk damina, har bangonsa ya yi baƙi zuwa ƙugu. Ranar da na je na tarar ta ɗora ƙafafun gadonta a kan bulo saboda danshi, na ce mata, "Inna, in Allah ya ba ni rai sai na gina miki ɗaki a bene." Ta ce, "Allah ya ba ka iko, Babba," don haka take kirana, ta ci gaba da ninke kayanta. Na ga alamar ba ta ɗauki maganar da gaske ba, wannan ya sa na ƙara ɗaura ɗamara.

Shekara biyu na yi a kan ɗakin nan, duk ranar hutu da duk yammar da na tashi aiki da wuri. Yashin filastarsa sau biyu na tace shi da rariya, da hannuna, ban yarda lebura ya taɓa ba. Na sa banɗaki a ciki don kada ta riƙa saukowa, na kafa ƙarfen riƙewa a gefen matakala saboda gwiwarta. Sannan na buɗe manyan tagogi biyu, kowace za a iya wucewa da katifa ta cikinta, na sa musu luba, gilashin nan mai falle-falle a jere, da ragar sauro. Matar da ta shekara talatin a cikin duhu, ai haske da iska ya kamata a ba ta har sai ta ce ya isa.

Tagogin suna kallon wani makeken fili da ke gaban gidan, wanda ba wanda ya san mai shi. Wasu su ce ya saya ya yi tafiya, wasu su ce ya rasu magada suna rigima. Filin ya cika da ciyawa da ƙaya da ƙananan bishiyoyi, ga leda ta maƙale ko'ina. Saura mako guda Inna ta tare, na tsaya a taga na dube shi, kunya ta kama ni. Haba, in sha wannan wahala sannan uwata ta buɗe taga ta ga juji? Ina da aboki mai tuƙa gireda, motar baje ƙasa, lokacin suna aikin hanya kusa da mu. Na roƙe shi, ya zo da safe ɗaya ya kankare filin tas, tun daga ƙofar gidana har iyakar ganin ido, ya yi sumul kamar an yi masa daɓe. Maƙwabta har gida suka zo godiya. Ba a yi wata ba masu koyon mota suka gano wurin, 'yan ƙwallo suka kafa raga, masu babur suka mai da shi hanyar yanke. Ni kuwa sai jin daɗi nake yi, na ce ga shi na raya unguwa.

Inna ta tare a ƙarshen damina. Ta hau a hankali tana hutawa, ta zauna bakin gado, ta dubi rufi ta dubi tagogi, ta yi ta sa mini albarka har sai da na fita don kada yara su ga idona.

Wata huɗu lafiya lau. Sai ƙasa ta bushe, zafi ya shigo, aka fara wata iska mai tasowa bayan azahar, ta bi ta kan filin ta nufo gidana kai tsaye, ba ta kwantawa sai wajen ƙarfe biyar. Lokacin ina wurin aiki, ɓarnarta kawai nake tararwa. Yashi ya taru a gindin katanga, ƙasan get ya koɗe har ƙarfe ya fito, amma daga gwiwa zuwa sama fenti yana nan garau. Wannan ma ya kwantar mini da hankali. Na ce wa matata, "Kin gani ko? Yashi iyakarsa gwiwa. Inna tana can sama, ko labarinsa ba za ta ji ba." Matata ta ce, "Haka ne," ta shige kicin da sauri.

Sai Inna ta fara tari. Da farko busasshe, muka ce mura ce. Daga baya numfashinta ya fara fito, in ta yi magana mai tsawo sai ta tsaya ta huta a tsakiya. Muka kai ta asibiti ni da Auta, ƙanwar tawa ke nan, ita ce ƙaramarmu, malamar makaranta ce, labarin ƙasa take koyarwa. Likita ya saurari ƙirjin Inna gaba da baya, ya tambaya ko tana zama inda akwai ƙura.

Na ce, "Likita, a bene take."

Ya ce, "Ban tambayi tsayin ɗakin ba, malam."

Ya rubuta magani da abin shaƙa, ya ce in bayan mako uku ba sauƙi, to a canza mata wurin zama, domin ƙirjin mai shekarunta ba ya jure wasa. Ina ganin Auta ta gyara zama na san ta samu abin da take so. Dama tun fil azal take neman Inna ta koma wurinta, a wani gidan haya mai ɗaki biyu a tsakiyar gari, ɗaki na ƙasa, tagarsa ko kai ba ya shiga. Wato in ɗauki uwata daga benen da na gina mata in kai ta gidan haya, mutane su ce babban ɗa ya gaza, ƙaramar ce ta iya. Wannan ne abin da ba zan yarda da shi ba, kuma na gaya mata tun a mota.

Mako uku suka wuce ba sauƙi. Ranar nan ce ta zo ta yi mini tsayuwar da na ambata.

Na ce, "Zo mu hau."

Ƙarfe shida ne, dawowata ke nan ko takalmi ban cire ba. Muka tarar da Inna a kan darduma. Na je bakin taga na ja yatsana a kan dakalin tagar, na ja a kan teburi, na ja a kan allon gado, na kawo shi daidai hancin Auta.

"Ina ƙurar? Nuna mini. Kullum in na dawo sai na yi haka. Ɗakin nan ya fi ajinku tsabta."

Auta ta dubi yatsan, ta dubi Inna. Inna tana jan carbi, idonta a ƙasa.

"Yaya, ba ni kwana ɗaya kawai," in ji Auta.

Washegari da safe ta zo da fararen faranti uku na tangaran, ta shafe su da man shafawa har suna ƙyalli. Ɗaya ta ajiye a ƙasa bakin get ta tokare shi da dutse, ɗaya ta sa na ɗora mata a kan katanga, ɗaya ta kai ɗakin Inna ta jingina a taga. Maƙwabcina yana wucewa ya tsaya yana kallo, ya ce, "Magini, lafiya? Tsuntsaye ake wa walima?" Na ce masa ilimi ne ya yi wa gidanmu yawa.

Da yamma muka tattaro su. Na bakin get ya cika da yashi mai kauri, irin wanda nake zuba wa kankare. Na kan katanga ya yi ja-ja da wani gari mai laushi, da 'yan ƙwayoyi jefi-jefi. Na ɗakin Inna kuwa fari fat, a kife a kan teburi.

Na fashe da dariya. Auta ta ɗauka ta sansana.

"Inna, wannan ai an wanke shi. Har ƙamshin sabulu yake yi."

Inna ta ce, "Au, naki ne? Na ga faranti duk maiƙo a taga, na ɗauka yara ne suka bari."

"A gabanki fa na ajiye shi, Inna."

"To, tsufa ke nan," in ji Inna, tari ya sarƙe ta.

Muka sauko. Auta ba ta haƙura ba, ta jera farantan biyu a kan benci kamar mai talla.

"Yaya, kai da kanka kake tace yashi. In ka zuba a rariya ka girgiza, wani ya tsaya a sama, wani ya zube ƙasa, wani kuma ya tashi ya shige maka hanci, ko ba haka ba?"

"Yau kuma tace yashi za a koya mini."

"Ba koya maka nake yi ba, ka saurara. Iska ma haka take rabawa. Manyan ƙwayoyi ba ta iya ɗaga su, gangara su take yi a ƙasa. Matsakaita tsalle suke yi, su tashi su sauka, su ne suka cinye maka fentin get. To duk sanda ɗaya ya sauka sai ya bugi ƙasa ya tayar da mai laushin, wannan garin na kan katanga. Shi kuwa in ya tashi ba ya saukowa da wuri. Iska riƙe shi take yi a sama, ta haye katangarka da shi, ta kai shi inda ta ga dama. Ragar sauro ba ta tare shi. Kai kuma ka buɗe masa tagogi biyu, kowace kamar ƙofar gareji."

"Duk shekarun nan ana iska, me ya sa ba a yi haka ba?"

Ta dubi wajen get. Sannan ta ce, "Da akwai ciyawa. Saiwarta tana riƙe da ƙasar, ganyenta yana rage wa iskar gudu. Yanzu ƙasar tsirara take, motoci kuma kullum niƙa ta suke yi."

"Wato ni na jawo."

"Ban ce ba, Yaya."

"Kin ce mana! Ni na gina ɗakin, ni na kankare filin, ni nake kashe uwata. Faɗi sauran."

"Ni dai abin da na sani, ƙarfe shida kake dawowa. Ka dawo ƙarfe uku rana ɗaya, ka gani da idonka."

Na ce mata ni ba malamin makaranta ba ne da zan tashi ƙarfe biyu in je in kwanta, mu aiki muke yi. Maganar ba ta yi daɗi ba, na sani, amma a lokacin daɗinta na ji. Ta kwashe farantanta ta tafi ko sallama ba ta yi mini ba. Matata tana tsaye bakin kicin, na ce, "Ke kuma me kike kallo?" Ta ce ba komai.

Na rantse a raina ba zan dawo ƙarfe ukun ba, don kada ta ce maganarta na bi. Kwana tara na riƙe rantsuwar. A na goma motar siminti ba ta zo ba, muka zauna tun hantsi muna kallon juna ni da leburori, har na gaji na sallami kowa. Ban yi niyyar komai ba, gida kawai na nufa.

Tun daga ƙarshen kwalta na tsayar da babur, don ban gane unguwarmu ba. Filin nan gaba ɗaya motsi yake yi. A ƙasa yashi yana gudu sharrr, ƙafafun mutanen da ke ƙetarawa ba a ganin su sosai, sai daga gwiwa zuwa sama. A kan wannan kuma wani jan hayaƙi yana tashi yana murɗawa, ya wuce tsayin sandar lantarki. Wata motar koyo tana zagaye a tsakiya, duk inda ta juya sai ta ƙara tayar da wani. Na tsaya ina kallon jan abin nan yana tafiya ba gaggawa, ya haye katangata kamar babu ita, ya je ya rungumi benen, daidai tagogi biyun nan da nake nuna wa baƙi.

Na shiga gida ban yi sallama ba. Matata tana kwashe shanya, ta gan ni ta saki zani a ƙasa.

"Baban yara! Lafiya ka dawo yanzu?"

Ban kula ta ba, na haye sama bibbiyu. Na tura ƙofa.

Luba a rufe take, amma ɗakin ya yi ja. Inda hasken rana ya ratso, garin yana yawo a ciki ba ya sauka. Ta tsakanin gilasan yake shigowa, ta kowace kafa, yana fito siriri. Na haɗiye yawu na ji ƙasa tana ƙaras-ƙaras a haƙorina. An lulluɓe gado da tsohon zani, an lulluɓe teburi, an naɗe darduma an sa a leda. Na ja yatsa a dakalin taga, ya bar layi kamar na yi rubutu. Inna kuwa ba ta ɗakin.

Tarinta na ji daga banɗaki. An cusa jiƙaƙƙen tsumma a ƙasan ƙofar. Na ƙwanƙwasa.

"Ke ce? Ai da saura, sai biyar," in ji Inna daga ciki, ta ɗauka matata ce.

Na ce, "Ni ne, Inna."

Can ta ce, "To, turo."

A kan kifaffen bokiti na same ta, ta jingina da bango, jiƙaƙƙen mayafi a hancinta, carbi da abin shaƙa a cinyarta. Zufa ta jiƙa mata riga. A gefenta ga wani bokitin da ruwa da tsummoki uku a ciki, an tanade su. Banɗakin da na gina don kada ta wahala, nan uwata take wuni, awa uku kullum, a kan bokiti.

"Tun yaushe?" na tambaya.

"Ba a daɗe ba."

Matata ta iso tana haki, ta tsaya bayana. Na juya na ce, "Ke, tun yaushe?"

"Wata biyu da wani abu," in ji ta. "In iska ta kwanta sai mu goge ko'ina ni da ita kafin ka dawo. Wallahi na so in gaya maka, ita ta hana ni. Ta ce in na faɗa ba ta yafe ba."

"Me ya hana ki sauko da ita ƙasa?"

"Na sauko da ita sau biyu, gwiwarta ta kumbura kwana uku ba ta taka ba. Kuma ƙasan ma ka leƙa bayan kabad ɗinmu ka gani."

Ban san wanda zan yi wa faɗa ba. Wata biyu ina jan yatsa ina cika baki, mata biyu suna bina da tsumma. An mai da ni wawa a gidana, kuma don ana sona aka yi, wannan ya fi komai ƙona mini rai. Ban taɓa ɗaga wa Inna murya ba, amma ranar sai da na ɗaga.

"Haba Inna! Haba! Ki zauna kina shaƙar ƙasa kina ɓoye mini? In wani abu ya same ki me zan ce wa Allah? Likita yana tambaya, Auta tana tambaya, ke kina wanke faranti!"

Ta cire mayafin daga hancinta, ta dube ni yadda take dubana ina ƙarami in na yi rashin kunya.

"Rage murya, ba da kurma kake magana ba." Ta huta, ta ja numfashi. "Shekara biyu ina ganin hannunka duk ya tsattsage. Kana zuwa gaishe ni da siminti a gira. Sannan in buɗe baki in ce ɗakin bai yi ba? Na ce iska ce, za ta wuce."

"Ba za ta wuce ba, Inna. Ni na kankare filin."

"Na sani," in ji ta. "Ai daga taga nake ganin komai."

Na zauna a bakin ƙofar banɗakin, a kan jiƙaƙƙen tsumman, ban ma lura ba. Kaina ya fara aikin da ya saba, neman gyara. Na ce zan cire lubar in sa gilashi mai zamewa, in toshe kowace kafa. Matata ta ce sun gwada toshewa da tsumma, zafin kwanon rufi ya kusa sumar da Inna. Na ce zan sa na'urar sanyi. Ta ce da wace wutar, wadda ake kawowa awa biyu? Na ce to zan riƙa jiƙa filin da tankar ruwa. Ni da kaina na ji wautar maganar tun kafin in rufe baki, filin ya kai filin ƙwallo uku.

Na ciro waya na kira Auta. Ban taɓa jin nauyin danna lamba irin na ranar ba.

"Kina ina?"

"Gida. Lafiya, Yaya?"

"Ciyawar nan, in an bar ta, yaushe za ta dawo?"

Na san ta gane, kuma na ji haushin yadda ta gane da sauri.

"In an hana motoci shiga, damina ɗaya za ta fara rufewa. Kafin ta riƙe ƙasar sosai, sai biyu."

"Biyu."

"Wataƙila. In an shuka wani abu a bakin filin zai taimaka."

Damina biyu ga mai shekara saba'in da takwas da irin wannan ƙirji.

Na ce, "In na ba ta ɗakinmu na ƙasa fa?"

"Yaya, ka ga farantin kan katanga. Gidan gaba ɗaya a bakin hanyarta yake."

"To zo da mota," na ce. "Kuma don Allah in kin zo kada ki ce mini komai."

Ta zo wajen biyar da rabi, iska ta kwanta, garin ya sauka ya rufe komai. Ba ta ce komai ɗin ba, wannan ma ya ba ni haushi, da ta yi gori da na samu abin riƙewa. Ita da matata suka haɗa kaya, akwati ɗaya da jakar magani. Inna ta hana a ɗauki sauran, ta ce ai ba ƙaura take yi ba. Ni ina tsaye bakin taga ina kallon filin, sumul, ko tsinke babu, wani yana koya wa matarsa ribas.

Da aka gama Inna ta miƙe ta nufi matakala, ta kama ƙarfen. Na ga yadda ƙafarta ke rawa tun a ta farko. Na zo gabanta na durƙusa na ba ta baya.

"Mene ne haka? Tashi, yara suna kallo."

"Su kalla. Hau, Inna."

Ta yi gardama kaɗan, sannan ta hau. Na miƙe da ƙarfin da nake ɗaga buhun siminti, sai na kusa tuntsurawa gaba, don ba nauyin da na zata ba ne. Ban san ta rame haka ba. Numfashinta yana fito a bayan kunnena, ina sauka ɗaya bayan ɗaya, Auta tana gaba da akwati, matata tana baya tana sharar hawaye da bakin zani.

Muna kaiwa ƙasa Inna ta ce, a hankali yadda ni kaɗai zan ji, "Goma sha bakwai ne."

"Me, Inna?"

"Matakalar. Kuma duk tsayinsu ɗaya, babu wadda ta fi wata ko da yatsa. Gwiwata ce ta gaya mini, ita kuwa ba ta yi wa kowa kara." Ta ɗan bubbuga kafaɗata. "Ka iya gini, Babba. Ka share mini ɗakina, kada ka sa kowa a ciki."

Na kai ta har mota na zaunar da ita, na gyara mata ƙafa, na ɗaga gilashi, na rufe ƙofa a hankali. Sannan na zagaya wajen Auta na ce mata ta bi ta kwalta, kada ta yanke ta cikin filin.